Notin Surukin Yayana

Yayana makanike ne, kuma motocin tsere kaɗai ke shiga ransa. A garejin surukinsa ya koyi aiki, a nan ya ga 'yar maigidan ya aura, a ɗakin da ke saman garejin suka tare. Har labulensu warin baƙin mai yake yi. Duk sanda ya ce zai buɗe nasa wurin, tsohon sai ya ce, "Da saura, ɗana." Shi kuwa Yaya ba zai ɗauke 'yar mutum ba da yardarsa ba, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Da aka kawo wata jar mota gyaran tsere, tsohon ya yi alkawari a gaban mutane: in ta gama tseren lafiya, ya sallame shi.

Yaya ya dage. Ya taɓa yi mini bayani cewa inji in ya yi gudu sosai, iska mai zafi kan sulale ta gefen fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ta taru a ƙasa, inda baƙin mai yake kwance. In ba ta samu mafita ba, da kanta za ta fasa. Don haka ya ja tiyo daga murfin injin zuwa wani gwangwani mai tare mai, ya bar masa baki a buɗe.

To, tsohon yana da wata ɗabi'a. Tun da zanzaro ya taɓa yi masa gini a cikin tiyon wata mota, ba ya ganin baki a buɗe ya wuce. Kafin a rufe gareji sai ya zagaya yana cusa noti, kowanne da ɗigon farin fentinsa.

Ina wurin ranar tseren. Motar tana gaba sai hayaƙi ya turnuƙe ta. Sandar gwada mai ta yi tsalle, robar da ke tare mai ta fashe, baƙin mai ya malale titi. Yaya ya ɗaga bonet, jama'a sun kewaye shi. Na ga hannunsa ya tsaya a bakin gwangwanin. Ya zare wani noti da ya toshe bakin, ya kalli farin fentin da ke jikinsa, ya kalli matarsa da ke tsaye kusa da babanta, ya jefa shi aljihu.

"Me ya faru?" in ji mai motar.

"Kuskurena ne, ranka ya daɗe."

Tsohon ya dafa kafaɗarsa, da tausayi na gaske, ya ce, "Ka gani ko? Da saura, ɗana."

Na yi kuka, na yi masifa, na ce ni zan faɗa. Yaya ya ce, "In kin faɗa, da wane ido zai kalli 'yarsa?"

Notin yana nan har yau, Yaya ya ɗaure shi a jikin makullin garejin surukin nasa da yake buɗewa kowace safiya.