Amak Shodmon, Mai Raba Wa Gonaki Biyar Ruwa

Da an sallame sallar asuba, tun mata ba su hura wutar gashin gurasa ba, Amak Shodmon, wato Baffa Shodmon a yarenmu, ya riga ya hau tsohon kekensa, shebur ɗaure a baya, makullin ƙofofin ruwa a aljihu. Yakan bi gefen magudana tun daga inda ta rabu da kogin Vakhsh har ƙauyen ƙarshe, yana tsamo ciyawa, yana zura sanda ya ga zurfin ruwa. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki na mirob, mai raba wa gonaki ruwa. Aiki ne marar masoyi. Wanda ruwa ya isa gonarsa ya gode wa Allah, wanda bai isa tasa ba ya zagi mirob.

Ƙauyuka huɗu ya gada. Shekara goma sha biyu da suka wuce gwamnati ta ba wani kamfanin China hayar hekta ɗari tara a gefenmu. Suka shimfiɗa kwalta, suka kafa injin gurzar auduga, yaranmu suka fara koyon yarensu a makaranta. Ba mai cewa ba mu amfana ba. Amma kowa ya san a Dushanbe, babban birninmu, maganar baƙin nan ba ta faɗuwa ƙasa. Shodmon bai yi musu kallon dodo ba, bai kuma yi musu kallon sarakuna ba. Ya ɗauke su ƙauye na biyar: kwana biyu cikin goma, kamar kowa.

Sai shekarar da dusar ƙanƙarar da ke narkewa ta cika kogi ta yi ƙaranci a kan duwatsu, kogi ya ja baya. Wata Talata cikin Yuli, rana tsaka, ya buɗe wa Safedob ke nan, ƙauyen ƙarshe wanda mazansa duk suna ci-rani a Rasha, motar Rais, wato shugaban gunduma, ta tsaya a bayansa.

"Amak, rufe nan, ka juya wa gonar baƙi. Kwana shida kacal."

"Rais, kwana shida a wannan zafin? Albasar matan nan ta fara kwanciya."

"Minista na zuwa da mutanen jakada, su ga auduga, su sa hannu a kan gadar da za a yi mana. So kake a ce wani tsoho mai keke ne ya hana gunduma gada?"

"Gada za ta iya jiran kwana biyu. Albasa ba za ta iya ba."

"To, ba ni makullin."

Direban Rais ya ce ya ga tsohon ya kai hannu aljihu, sai ya dakata. Dole ya dakata, 'yarsa Nigina a injin gurzar kamfanin take aiki, da shi take ciyar da 'ya'ya uku. Ya zaro hannunsa ba makulli. Sannan ya ce, "Kawo takardar kora, in ba ka da hannuna. Kafin nan, yau da gobe na Safedob ne."

Magana ta riga motar isa gari, ta kuma ƙara kitse a hanya, har aka ce an riga an sayar da magudanar. Kafin la'asar mutum kusan ɗari biyu sun nufi injinan ban ruwan kamfanin da shebur da fartanya. A gaba akwai Zebo, gwauruwar Safedob mai bakin da ba ya jin tsoron kowa. Can bakin shingen kamfanin motocin 'yan sanda biyu sun tsaya. Tsakaninsu ba komai sai 'yar gadar katako, a kanta kuma Shodmon ya gitta kekensa ya tsaya.

"Kauce, Shodmon!" in ji Zebo. "Ko kai ma ka koma cin shinkafa da tsinke ne?"

Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Zebo, tun kina satar inabi a gonar babana na san ki da gaggawa. Ruwanki na gudu yanzu haka, kin baro shi yana malala a hanya. Duk awar da kika yi a nan, cikin kwana biyunki take fita."

"In sun ƙwace gobe fa?"

"Sai sun ɗauke ni tukun. Amma in kuka fasa injin nan, daga gobe soja ne zai raba muku ruwa. Ku je ku tambaye shi ko ya san gonar wa ke tudu."

Wani dutse ya taso daga baya ya same shi a kafaɗa. Bai waiga ya ga mai jifa ba, har yau kuma bai tambaya ba. Ya juya musu baya, ya taka shi kaɗai zuwa shingen, ya nemi ganin Geng, manajan gonar, wanda shekara bakwai a cikinmu ta koya masa yarenmu tsinto-tsinto.

"Amak, ba ni na roƙi kwana shida ba," in ji Geng. "Manyana ne. Auduga ta yi yaushi gaban baƙi, ni za a mayar gida."

"Zo ka ga wani abu. Minti ashirin."

Mutane suka dare, suka wuce ta tsakiyarsu. A gonar farko ta Safedob Geng ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, ta zube kamar toka. Ya ɗago kai ya tambayi Shodmon.

"Alhamis tamu ce?"

"Alhamis da Juma'a. Ba wanda zai taɓa muku ko cokali ɗaya, ko da Zebo ce."

Geng ya koma gefe da waya. Ba mu ji me ya faɗa ba, mun dai ji ana ɗaga masa murya daga can.

Ba a juya ruwan ba. Baƙi suka zo, aka kai su ɓangaren da ya fi kore, suka ɗauki hoto. Safedob ta yi asarar kashi ɗaya cikin uku na albasarta, sauran ya tsira. Geng aka ɗauke shi bayan girbi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Shodmon kuwa takardar ta zo: wai ya tsufa. Wata huɗu ya yi a gida, 'yarsa kullum tana tafiya aiki tana tsoron a kore ta ita ma, har dattawan ƙauyukan huɗu suka rubuta a maido shi. Da takardarsu ta isa gunduma, an ga sa hannu na biyar, na sabon manajan kamfanin. Aka maido shi. Gadar ma an gina ta, shekara guda a makare.

Amak, kai ne ka tsaya tsakanin shebur da bindiga ba ka da ko ɗaya a hannu. Kai ne ka ƙi Rais da rana, ka ƙi mu da yamma, a kan gaskiya guda. Ma'auni, ba ka san fuska ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka dafa masa shinkafar sallama, don ya ajiye aiki, tukunya uku. Da aka ce wa ke da magana, Zebo ta miƙe tana dogara sanda. "Shekara talatin ina zagin mutumin nan," ta ce, "ban taɓa kama shi da ƙarya ba." Ta zauna. Shodmon ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa.

Mun gode, Amak. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa da tsufa mai daɗi. Ku kuma matasanmu da ke riƙe da hatimi a ofisoshi, da masu yi wa baƙi tafinta, da masu auna filaye, maƙwabciyarmu China babba ce, kuma ba inda za ta. Za a zo muku da mota wata rana a ce kwana shida kacal. Ku ba baƙo haƙƙinsa cif, ku hana shi na gwauruwa, ko da za a kawo muku takardar kora.