Kafin A Ga Watan Azumi

Ina shanya kayan yara wani abokin aikin maigidana ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce kada in tsorata, amma Malam ya faɗi a bakin aiki, kusa da gangunan da ake jiƙa fata, an wuce da shi asibiti. A kamfanin jima na Challawa yake aiki tun kafin aurenmu. Likita ya ce huhunsa ne, ya ba mu magani, ya ce mu koma gida. Bai sa mana ranar dawowa ba.

A farkon Sha'aban ne. Lokacin ina tsakiyar rubuta wani labari a waya, ina turawa guruf ɗin masu karatu babi-babi. Al'adarmu marubuta ita ce da an ga watan azumi sai a ajiye labarai har bayan Sallah. Jarumin labarin ma'aikacin jima ne, kuma duk abin da na sani game da aikin daga bakin Malam na ji shi: warin da sabulu ba ya fitarwa, da ruwan kwatar da ke sauya launi. Tun da farko na gaya masa jarumin mutuwa zai yi a ƙarshe. Ya yi dariya, ya ce haka ya dace.

Da muka dawo gida ya ce in gama kafin azumi, domin shi ba ya jin zai iya jiran bayan Sallah.

Na kama rubutu ba tsayawa. Ina tuƙa tuwo ina dannawa, babi biyu ko uku a yini, ba na ko komawa in gyara. Bayan la'asar in zauna a gefen katifarsa in karanta masa, shi kuma yana gyara min inda na yi kuskuren aikin.

Akwai babin da na rubuta tun da daɗewa, inda ƙafafun jarumin suka kumbura. Wata safiya na zo sa wa Malam silifas, suka ƙi shiga. Na san rai a hannun Allah yake, na yi ta istigfari, amma daga ranar na kasa matsawa kusa da ƙarshen. Na tura jarumin zuwa Bompai neman wani aiki. Na ƙirƙiro masa bikin ƙanwa a ƙauye. Masu karatu suka fara ƙorafi wai ina ja musu rai.

Malam ma ya gane. Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Malama marubuciya, wannan mutumin ya gaji da yawon da kike sa shi. Wayarki ba ta kashe kowa. Ki bar shi ya tafi, ina so in ji yadda za ki faɗi ƙarshen."

Na ce gobe insha Allahu. Washegari na karanta masa babin da jarumin ya koma Challawa, yana tsaye a bakin get yana jira a buɗe. Malam ya saurara ido a rufe.

Ya rasu ana saura kaɗan a ga wata. Na yi azumin cikin takaba, na fita takaba, wani azumin ma ya zo ya wuce. Har yanzu akan tambaye ni a guruf. Ban rubuta babin ƙarshen ba.