Ranar da Na Yi Gadin Janareta a Anka

Shekarun baya, lokacin da ake fama da gubar dalma a yankinmu, na yi aiki a wani ɗan asibiti a Anka. Ni ba likita ba ne, ko allura ban iya riƙewa ba. Aikina kula da babbar kwamfutar da muke kira saba, wadda sakamakon gwajin jinin yara yake cikinta.

Sabar nan ba ta da tambaya. Duk kwamfutar da aka jona da ita, sai ta buɗe mata komai. Abin ya dame ni, don sirrin 'ya'yan mutane ne. Sai na gyara tsarin, na ba kowane ma'aikaci sunansa da kalmar sirrinsa. Gyaran ba ya kamawa sai an kashe ta an kunna, ita kuwa nawar tashi gare ta. In tana cikin tashi aka aika mata umarni ko aka ɗauke wuta, faɗuwa take yi, a koma farko.

Da zumuɗina na ƙuruciya, na kashe ta gab da azahar. Ashe akwai wata mata daga Bagega a kan benci, da ɗanta a goye, tana jiran ta ji ko jininsa ya yi kyau su koma gida, ko za su ƙara zaman magani. Motar garinsu kuwa da an idar da salla take tashi, in ta wuce sai gobe.

Sai na tuna da Baba mai janareta, wanda da an kira salla yake kashe inji. Na ce wa abokina mai ɗakin gwaji kada ya taɓa komai, na kwasa a guje.

"Baba, don Allah yau a bar shi."

Ya dube ni, buta a hannu. "Kai ɗana, injin ga tun da anka kawo shi bai taɓa ƙetare azahar ba. Mi ya faru?"

Na yi masa bayani a gurguje. Ya ce shi ba ya barin inji yana aiki ba kowa kusa, sai dai in tsaya gadi. Ya wuce masallaci.

Haka na tsaya cikin hayaƙi da ƙara, ni da nake ji da kaina masanin kwamfuta. Ina hango matar tana ta leƙen bakin titi. Ba abin da zan iya yi sai jira.

Can abokina ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu. "Ta tashi! Har ta tambayi sunana!"

Jinin yaron ya yi kyau. Matar ta fito da sauri tana gyara goyo, ta ratso ta gabana, ta ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, mai inji. Allah shi saka."

Na ce amin, ban gyara mata ba.

Yanzu ina kula da sabobin da ban taɓa ganinsu da ido ba, suna tashi kafin in gyara zama. Amma har yau ba na kashe ko ɗaya sai na tambaya ko akwai mai jira. Kuma ina kewar asibitin nan ƙwarai, don tun da na bar shi ban sake ganin fuskar wanda aikina ya sallama gida ba.