Malam Dabo Dingaya da Mahaɗin da Ya Shiga Kabari da Shi

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Dabo a shekarar 1951 Miladiyya a Dingaya ta ƙasar Gwaram. Mahaifinsa shi ne Yunusa Mai Saiwa, manomi kuma mai maganin gargajiya, mahaifiyarsa kuwa Hawwa, 'yar makiyayan da suka yi zaman dindindin a gefen garin. Gidansu ya shahara da magani ɗaya, na ciwon shawara, wanda ake haɗawa da saiwar rawaya da ɓawon maɗaci, da kuma wani abu na uku da suke kira mahaɗi. Shi ne ke karya kaifin maganin don kada ya fi ƙarfin mai jinya.

Karatunsa da Koyon Sana'a

Ya yi karatun allo a garinsu har ya sauke Alƙur'ani a 1967, bai shiga boko ba. Daga nan ya riƙa bin mahaifinsa daji har zuwa 1978, shekarar da tsohon ya kwanta ciwon ajali ya sanar da shi mahaɗin, bayan ya rantsar da shi cewa ba zai bayar da shi ba sai ga ɗansa namiji da ya bi shi daji.

Al'adar gidan ita ce, idan wani mai magani ya zo neman sani ba a korarsa, domin ɓoye ilmi zunubi ne. Sai a faɗa masa komai a rage mahaɗin. Shi kuma da yake ɗan sana'a ne, zai ɗanɗana ya ji akwai saura, ya dawo da goro da ladabi, a auna masa garin mahaɗin a hannu ba tare da an ambaci sunansa ba. Da wannan dabara suka ɗauka sun tsira daga zunubi, sun kuma tsare abincinsu.

Aurensa da Zamansa a Birnin Kudu

Ya auri Barira a 1974, sannan Talatu a 1986. A 1992 ya koma Birnin Kudu ya kafa rumfa a kasuwa, inda mutanen Kangire da Unguwar Ya da na nesa suka riƙa zuwa, kuma da yawa sun shaida cewa sun samu sauƙi da izinin Allah. 'Ya'yansa maza babu wanda ya taɓa bin sa daji, domin suna ganin tonon saiwa aikin ƙauye ne. 'Yarsa Khairiyya, wadda ta karanci aikin jinya, ta sha roƙonsa ya koya mata, yana ce mata mace ta gidan wani ce.

Zuwan Masu Manhaja

A 2022 wani kamfani daga Kano ya aiko da wakilinsa Khuzaima domin naɗar bayanan masu maganin gargajiya. Nufinsu su zuba bayanan a manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira, wadda mara lafiya zai faɗa wa damuwarsa da Hausa ta ba shi amsa. Malam Dabo ya karɓe shi da mutunci, ya yi masa bayanin maganin shawara dalla-dalla, ya rage mahaɗin kamar yadda ya gada, ya zauna yana jiran a dawo. Khuzaima bai san da al'adar ba, bai ɗanɗana ba, kamfaninsa kuma bai kai maganin an gwada ba, saboda gaggawar shiga kasuwa.

Manhajar ta fito a 2023, tana bayar da haɗin da sunan Malam Dabo. A damina ta wannan shekara wani makiyayi na Kangire mai suna Maikuɗi ya dafa wa matarsa Mairama maganin yadda wayar ta faɗa, alhali tana da tsohon ciki. Amai da gudawa suka sarƙe ta, ta rasu a hanyar asibiti da abin da ke cikinta.

Kamfanin ya ce bai ƙara ba bai rage ba, muryar Malam tana nan a naɗe. Da aka tara shi da wakilin kamfanin a gaban dagaci, abin da Malam Dabo ya faɗa shi ne: "Ni mutum na gaya wa. Mutum in ya ji da saura yakan dawo." Khuzaima ya nemi Malam ya cike giɓin a gyara manhajar, Malam ya ƙi, ya ce rantsuwa ce a wuyansa. Gaskiyar magana, masu manhaja sun yi ganganci da rayukan talakawa, shi kuma ya fifita alkawarin matacce a kan ran masu rai. Daga lokacin ƙafa ta ɗauke daga rumfarsa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya koma Dingaya a 2024, yana aika wa autansa Ƙasimu, ɗan kasuwa a Dutse, ya zo ko da sau ɗaya su shiga daji tare domin rantsuwa ta warware, Ƙasimu yana cewa sai kasuwa ta lafa. A ƙarshen shekarar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, harshensa ya karye. Khairiyya ce ta yi jinyarsa, kuma ta ce ya sha kama hannunta yana nuna gabashin gari yana motsa baki, ba ta taɓa gane kalma ɗaya ba.

Rasuwarsa

Allah ya karɓi ransa a watan Sha'aban na 1446 Hijiriyya, daidai da Fabrairun 2025, yana da shekara saba'in da huɗu. An binne shi a maƙabartar Dingaya kusa da mahaifinsa, kuma sahun jana'izar bai yi yawa ba, ko da yake Maikuɗi ya halarta. Ya bar mata biyu da 'ya'ya shida: Abdulnasir, direba a Kano, Rabi'u, tela a Gwaram, Khairiyya, Nasiha, Ummussalma, da Ƙasimu, mai sayar da wayoyi a Dutse. Babu ɗayansu da ya san mahaɗin. Manhajar kuwa tana nan tana faɗin kashi biyu na maganin da sunansa, an dai ƙara mata gargaɗin a tuntuɓi likita. Allah ya gafarta masa, ya jiƙan Mairama.