Enid Catterall, Kin Tafi Naɗi na Bakwai Bai Kammala Ba

Rai na Allah ne, kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, huɗu ga Fabrairun 2025, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina zaune gaban na'ura a ɗakin aikinmu sai 'yarki Lorraine ta kira ni. Ta ce, "Neville, Mama ta cika." Na ce mata to. Na ajiye wayar. Kin rasu a asibiti a garin Reading kina da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar kwana goma sha tara.

Da yawa cikin masu sayen faifanmu ba su san ki ba, ko da yake aikinki suke kallo. Kina 'yar shekara goma sha shida kika shiga wani ƙaramin kamfanin fim a bakin kogin Thames, inda ake shirya fina-finan ban tsoro irin na wancan zamani: jirgin ruwa ya ɓace a teku, matafiya su faɗa tsibirin da ba ya cikin taswira, dodo ya fito daga kogo. Da shara da dafa shayi kika fara, daga baya aka ba ki almakashi kina yanka fim kina haɗawa, har kika zama mai daidaita launi. Kamfanin ya rufe tun kafin in gama firamare. Gwangwanayen fim ɗinsa suka watsu cikin rumbuna, wasu suka jiƙe, wasu suka ruɓe. Aikinmu mu biyar a ɗan kamfaninmu shi ne mu nemo su, mu wanke, mu gyara, mu fitar da su a faifai don masu kallo a gida.

Ban manta ranar da muka fara haɗuwa ba, shekara goma sha biyu ke nan. Mun gayyace ki ki duba wani fim da na shafe wata huɗu ina gyarawa. Ina ta taƙama, domin na sa kwamfuta ta goge duk wani zane da tabo da shekaru suka bari a jikinsa. Kika zauna da jakarki a cinya, kika kalli minti goma, sannan kika ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Ina ruwan saman?"

Na ce, "Wane ruwa, Misis Catterall?"

"Wanda muka kwana uku muna shan duka a cikinsa, har mai kyamara ya kwanta da mura. Ka ga mutane suna gudu da laima, sama kuwa tas, ba ka tambayi kanka ko mahaukata ne ba?"

Ashe kwamfutar ta ɗauki saukar ruwan a matsayin zane, ta share shi kaf. Na rasa inda zan sa kaina. Kika yi dariya har da hawaye, kika ciro biskit daga jaka kika miƙo mini, kika ce in ci in huce, gobe mu sake. Ba ki taɓa tayar da zancen a gaban maigidanmu ba. Tun daga ranar, duk Talata da Alhamis kina hawa bas ki zo, kuma ba mu sake sakin fim ba sai ya bi ta gaban idonki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar Wilfred Hebden. Shi ne mutumin da ke shiga cikin rigar dodo a fina-finai shida na kamfanin, rigar roba mai nauyi wadda sau biyu ya suma a cikinta saboda zafi. Ba a taɓa rubuta sunansa a ko ɗaya ba, wai don kada mai kallo ya tuna cewa mutum ne a ciki. Da muka zo fitar da su, kika ce ba za ki sa hannu a faifan ba sai an rubuta shi. Maigidanmu ya ce ba a taɓa abin da aka rubuta tun asali. Kika ce, "To ka ƙara shafi a ƙarshe. Tawada ce ta ƙare muku?" Aka ƙara.

Ke da kanki kika yi ta bugun waya har kika gano shi a gidan kula da tsofaffi a garin Morecambe. Ni na tuƙa ki, tafiyar awa biyar. Mun tarar ƙwaƙwalwarsa ta fara gushewa, ko ɗansa ba kullum yake gane shi ba. Aka sa faifan a talabijin ɗin falo, tsofaffi suka kewaye. Da dodon ya fito daga ruwa yana jan ƙafar hagu, sai Wilfred ya nuna allon ya ce, "Takalmin ne ya matse ni, shi ya sa." Da sunansa ya bayyana a ƙarshe, ɗansa ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. A hanyar komawa muka tsaya cin kifi da soyayyen dankali, kika ce da ni tun 1964 kike jin nauyin mutumin nan, yau kin sauke.

Ni ma kin ɗauki nawa nauyin. Shekarar da matata Bronwen ta yi jinyar da ta tafi da ita, ba ki cika ni da kalaman haƙuri ba. Kullum kina zuwa aiki da kwanon miya a naɗe cikin tawul, ki ajiye kusa da rigata, ki kama aikinki.

Sai idanunki suka fara tafiya. Tsakiyar ganinki ne ya fara dushewa, likitoci suka ce irin wannan ba ya dawowa. Na kai ki wurin likita uku, duk magana ɗaya. Na sayo babban allo, na sayo gilashin ƙara girma, babu wanda ya yi amfani. Matar da ke gane bambancin jan jini da jan bulo daga ƙarshen ɗaki ta koma tana lalube ta nemo kofin shayinta, ni ina kallo.

A daidai lokacin ne aka gano fim ɗin da kika fi so, wanda kowa ya ɗauka ya ɓata, a wani rumbu a ƙasar Belgium. Fim ɗin naɗi bakwai ne, kowane naɗi a gwangwaninsa. Da muka buɗe gwangwanayen, warin tsami ya cika ɗakin, alamar fim ɗin ya fara cin kansa, kuma launukansa duk sun koma ruwan hoda. Babu wani kwafi a duniya da za a gwada da shi. Darakta ya rasu, mai kyamara ya rasu. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka ga yadda yake a asali, ga shi ba kya gani.

Kika ce ba komai, in zama idonki. Haka muka yi wata tara. Ni in faɗa miki abin da ke kan allo, ke ki rufe ido ki faɗa mini launinsa. Rigar kyaftin ba baƙa ba ce, shuɗi ne mai duhu. Fitilar cikin kogo kore ce, domin takardar alewa aka manna mata. Wani lokaci in ce, "Kin tabbata?" ki ce, "Kai kake wurin a lokacin ko ni?" Mun gama naɗi shida. Muka ajiye na bakwai sai bayan sabuwar shekara, saboda sanyi ya hana ki fita. Ni na ce mu jira. Ke kin so in zo gida da ƙaramar na'ura mu ƙarasa, na ce ki huta, ai akwai lokaci.

Ranar sha shida ga Janairu jini ya hau kanki, ɓarin jikinki ya shanye, harshenki ya karye. Na zo duba ki da niyyar ba zan ambaci aiki ba, kuma ban ambata ba. Amma da kika ji muryata, sai kika kama hannun rigata da hannun da ya rage miki, kika yi ta maimaita wata kalma. Na sunkuya har kunnena yana taɓa bakinki. Na kira Lorraine, ita ma ta saurara. Muka ba ki biro, ya zame. Na yi ta jero miki launuka ɗaya bayan ɗaya ko za ki gyaɗa kai, sai hawaye kawai ke bin gefen idonki. Har yau ban sani ba ko zancen fim kike yi, ko ruwa kike so, ko sunan wani kike kira. Sau huɗu na dawo, ba ki sake yunƙurin magana ba.

Yanzu naɗi na bakwai yana kan na'ura. A cikinsa ne waɗanda suka tsira suke barin tsibirin a kwalekwale, sararin sama ya cika rabin allo. Ban san ko fitowar rana ce ko faɗuwarta ba. Na gwada ja, na gwada ruwan zuma, na gwada toka, kowanne ya zauna kamar gaskiya. An ce faifan zai fita a watan Yuni, ni ne kuma zan zaɓa. Na roƙi a rubuta a jikin kwalin cewa mintuna goma sha ɗaya na ƙarshe hasashena ne, kada a ɗora miki kuskurena. An amince. Iyakar abin da na iya ke nan.

Allah Ya ji ƙanki, Enid. Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya saka miki da alherin da kika yi wa mutanen da ba su da abin rama miki, Ya ba ki hutu da haske a makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Lorraine da mijinta Gareth, da jikokinki Imogen da Rhys, da ƙanenki Clifford wanda rashin lafiya ya hana shi zuwa ya yi sallama da ke. Allah Ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, Ya ba mu mu ma, abokan aikinta biyar da ta bari. Za a yi jana'izarta ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga wata, a cocin unguwarsu. Lorraine ta ce in yi magana a wurin. Na ce mata zan zo, amma ta nemi wani ya karanta wannan a madadina.