Gangar da Ke Cin Hatsi

Waɗanda ke bakin wuta ran nan ina iya lissafa su har yau. Akwai Kaka Tamo, mahaifiyar babanmu, zaune kan buzunta tana kaɗi. Akwai innarmu Dije tana ɓarar gujiya, da ni Habsu, da ƙanena Illa, da Rabi 'yar gwaggonmu da ake riƙo a gidan. Babanmu Nomau yana bayan darni yana tufkar igiya, inda hasken wutar kara ke ɗan kai masa. Kullum nan yake zama. Shi ne ɗan farin Kaka, kuma a ƙauyenmu na kusa da Babankatami uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana baki da baki. Shi ma ba ya yi mata. In da saƙo, mu yara ke kaiwa.

Lokacin ɗari ne, an gama girbi, lokacin aure da kokowa. Jikokina yanzu suna zuwa hutu da littattafan lakwal, wato makarantar boko, wasu har sun yage don yawan maimaitawa. Ni ban shiga lakwal ba, amma na san wannan daɗin. Namu littattafan a bakin Kaka suke. Tana da gatanan da ba ta taɓawa sai sanyi ya shigo, su ne bara, su ne bana, in ta tsallake kalma guda sai mu tayar mata da rigima.

Shekarar nan fara ta yi mana ɓarna. Babban rumbu bai kai rabi ba. Sai ƙaramin rumbu na bayan ɗaki, inda aka ajiye zangarniyar da aka zaɓa ɗaya ɗaya don iri. Baba tsohon ɗan kokowa ne, ya gayyato 'yan kokowar Karofane da makaɗansu, ga ciyar da su, ga dammunan da ake ba makaɗa. Ya ce da safe za a buɗe rumbun iri. Innarmu ta roƙe shi, ya ce damina na da nisa, iri ba ya gagara wurin dangi. Dangin kuwa fara ɗaya ta ci mu da su.

Bayan magariba Illa ya fara nacinsa.

"Kaka, ta kura da 'yar maharbi!"

"Maigidana, hanci na zuba kana ba da umurni? Share shi. Yau wata na kawo."

Ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. "Ga ta nan tahe gare ku."

"Ta iso mu ji ta," muka ce.

Wani manomi ne, in ji ta, ya tsinci ganga a daji. Ba ta son makaɗi, da kanta take kiɗa, sai dai ba ta buɗe baki sai an zuba mata hatsi. Ya zuba mata tafi guda, ta rera sunansa har matan rijiya suka ajiye guga. Kaka ta maƙale murya ta yi waƙar: "Ba ni in ci, namiji, in kai sunanka bayan dutsi." Mutumin ya ba ta ƙwarya, ya ba ta dami, ya ba ta rumbu. Da na ci ya ƙare, ya ba ta na shuka. Ruwan fari ya sauka, kowa ya fita da sungumi da iri, shi ya fita da ganga. Ya sare ramuka, ya ce ta yi musu kiɗa su tsiro. Gangar ta ce sai ta ci. Ya ce babu. Sai ta gangara, ta bi kunya kunya har gonar maƙwabcinsa, ta soma rera sunan maƙwabcin da waƙar nan dai.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka. "Ƙarya na yi muku, ku bar ta nan bakin toka."

Babu wanda ya yi dariya. Innarmu ta sunkuyar da kai cikin ƙwarya. Can muka ji Baba ya yi gyaran murya.

"Habsu, hwaɗa ma mai gatana, wanga mutum nata wawa ne. Da ya ranto iri ga ɗan'uwa nai."

Kaka ba ta dubi darni ba. "Habsu, ce ma mai igiya, ɗan'uwan ma ganga garai."

Baba ya yi 'yar dariya, ya naɗe igiyarsa ya tashi. Muka ji yana gaya wa maƙwabcinmu ta katanga ya zo da sassafe su fid da dammuna. Gatanar ba ta tsayar da shi ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Na haifi nawa ɗan farin, na yi masa kunya yadda aka yi wa Baba, na san zafin ganin ɗanka zai faɗa rami bakinka a ɗaure. Mutane na cewa ni mai tsanani ce, idona na kan kowa. Wurin Kaka na koya. Ta fara da lallashi, ta ba Baba hanyar da zai janye ba wanda ya ga bayansa. Amma ba ta ɗora cikin jikokinta kan labari kawai ba.

Washegarin gatanar, da asuba, Kaka ta tashe ni. Muka je bayan ɗaki, ta sa na kama mata muka kwantar da tsanin rumbun iri a ƙasa. Ta shimfiɗa buzunta a kansa ta zauna, ta lulluɓe da zane, ta jawo taskirar auduga. Rana na fitowa Baba ya iso da maƙwabcin. Ya tsaya daga nesa. Bakin rumbu a sama yake, ba tsani ba hawa, tsani kuma ba ya ɗaukuwa sai ya buɗe baki ya ce wa uwarsa ta tashi. Ya dubi ƙasa, ya dube ni, na kawar da kai. Sannan ya ce wa maƙwabcin su je su kama ɗan bunsurunmu, makaɗa su yi haƙuri da nama.

Kaka ba ta ɗaga kai ba. Ta miƙo mini hannu.

"Ɗebo min garwashi, Habsu. Nan zan wuni."