Tudun Coci da Ƙofar Zuciyata

Ina hawan ɗan tudun gaban cocinmu a Madakiya numfashina ya sarƙe, ƙirjina ya hau bugu. Ina aji biyu a sakandare aka yi mini aiki, aka buɗe wata ƙofar zuciyata da ta tsuke, kuma likita ya ce bayan shekaru tana iya sake tsukewa. Na ce shi ke nan, lokaci ya yi.

Na koma gida ina kuka, na raba wa ƙannena takalmana. Autarmu har da tambaya ko jakata ma zan ba ta. Washegari Mama ta sa ni a motar haya zuwa asibiti a Kafanchan. Kafin mu isa, duk fasinjoji sun san tarihina, wata tsohuwa ma ta roƙa a nuna mata tabon.

Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjina, ya duba hoto, sannan ya ce, "Wane aiki take yi a gida?"

Mama ta gyara zama. "Aiki? Tun da aka yanka ta ko tsintsiya ba ta taɓa ba. Ruwan wanka ma kai mata ake yi."

"To, Mama, ciwon ke nan. Ƙofar na nan a buɗe, lafiya lau. Zama ne ya yi mata yawa. Ta yi daka, ta je rafi."

Na sake fashewa da kuka, rabi na murna, rabi na tunanin turmin acca.